Muhawarar Mallakar Bindiga a Kudancin Katsina

Muhawarar mallakar bindiga a kudancin Katsina ta samo asali ne daga hare-haren 'yan bindiga a kan manoman yankin Funtua da Malumfashi, musamman Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar soja irin AK-47, mai aman harsasai a jere, alhali manomi sau da yawa harba-ruga ce a hannunsa, wadda sai an sake ɗura mata albarushi ta baki bayan kowane harbi, kuma wannan rata tsakanin makaman 'yan bindiga da na manoma ita ce tushen damuwar. A shekarar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya nemi jama'a su tanadi makamai don kare kansu, masu suka kuwa suka yi fargabar ƙaruwar ramuwar gayya tsakanin manoma da makiyaya.