Tsohon Gilashi a Sabon Birni

A shekarar 1976, wadda a cikinta Janar Murtala Muhammad ya zartar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya ran 3 ga Fabrairu, a cikinta ne kuma kamfanin Asahi na Japan ya fito da kyamarar Pentax K1000. Sana'ar hoto a Abuja kuwa, tun ana sare dawa ana aza harsashin Garki da Wuse har zuwa 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta ƙaura daga Legas, sana'a ce ta fim da ɗakin duhu, wadda mai ita ke murɗa gilashi da hannunsa, ya ƙiyasta haske da idonsa, sa'an nan ya jira wanki kafin ya san abin da Allah ya ba shi.

Asalin ilmin haske da wannan sana'a ta dogara a kai kuwa daɗaɗɗe ne, domin Ibnul Haisam, a cikin Kitabul Manazir da ya wallafa a Misira a ƙarni na 11, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Bayan ƙarnuka masu yawa, kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus ya ƙera gilashin Tessar a 1902, daga bisani kuma Biotar, wanda Tarayyar Sobiyat ta kwaikwaya ta raɗa masa suna Helios-44, ta yi ta ƙera shi bila adadin tare da kyamarar Zenit, wanda wannan yawa shi ne sababin arharsa har yau.

Da zamanin dijital ya zo, ɗakunan wanki suka yi ta rufewa, gilasan nan suka koma cikin akwati. Amma da aka samu kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 ta 2013, sai ya zamana ɗan zobe na ƙarfe ya isa ya haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara. Fa'idarsu a bayyane take ga duk wanda ya buɗe ƙofar hasken Helios har ƙarshe, ya tsayar da amarya nesa da itatuwa da hantsi ko bayan la'asar: sai ta fito sarari, zaren lafayarta ɗaya bayan ɗaya, alhali bayanta ya narke, kamar mutum zai iya zagayawa ta bayanta.

Wajibi ne mai sayen tsohon gilashi ya ɗaga shi ya haska shi da tocila, domin laimar daminar Abuja tana haifar da fumfuna a ciki, ƙurar hunturu kuma tana sandarar da murɗi. Wajibin da ya fi wannan shi ne ya tambayi tsohon mai hoton da ya sayar masa ina fina-finansa na wancan zamani suke, a adana su tun ba su lalace ba, domin a cikinsu ne tarihin ginin wannan birni da fuskokin leburorin da suka gina shi suke.