Talla da Al'adar Hausawa: Daga Dillalin Kurmi Zuwa Akwatin Rediyo

Kalmar talla tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Ta girmi kanti, ta girmi jarida, balle rediyo. Amma sana'ar nan da kamfanoni ke biyan kuɗi a tsara musu magana da hoto da kiɗa don a jawo hankalin masu saye, baƙuwa ce, shekarunta a ƙasar nan ba su wuce ɗari ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a wannan maƙala shi ne yadda baƙuwar ta ari rigar 'yan gida, da abin da ta ɗauka daga al'adarmu, da kuma abin da ta bari. A ganina abin da ta bari ɗin shi ya fi cancanta a tsaya a kansa.

Bari mu fara da kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya zaga kasuwar, ya rubuta abin da ya gani. Cikin abubuwan da suka burge shi har da wata ƙa'ida ta masu sayar da tufafi. Ya ce idan falke ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya kai Barno ko wata uwa duniya, ya warware ya tarar da aibi, to sai ya mayar da kayan Kano, domin akwai sunan dillali a rubuce cikin kowane ƙunshi. Dillalin nan shi zai nemo mai kaya, mai kaya kuwa tilas ya mayar da kuɗi. Watau mutumin da ya yabi haja da bakinsa, shi ne kuma wanda za a kama in yabon ya zama ƙarya. La'adar da yake ci ladan fasahar bakinsa ce, kuma ladan sunansa ne da ya jinginar.

Sauran hanyoyin talla na gargajiya ma haka suke. Yarinyar da ke yawo da farantin ƙosai ko dafa-duka, muryar uwarta ce da ke cikin kulle, kuma kowa a unguwa ya san gidan da abincin ya fito. In man ya yi ɗaci, gobe ba mai kiranta. Makaɗin kalangu da ke sanar da gari cewa mahauta sun yi yanka, kowa ya san rundawan da yake yi wa kiɗa. Mai shela kuwa da bakin sarki yake magana, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Akwai wani abin lura a nan. Hausawa na cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka mai mutunci ba ya tsayawa bainar jama'a ya wasa kansa ko dukiyarsa. Sai dai a wasa shi. Wannan ne ya ba maroƙi da sanƙira da makaɗi gurbi a cikin al'umma, kamar yadda M. G. Smith ya yi bayani a nazarinsa na roƙo a shekarar 1957. Wanda ya fita daga wannan ƙa'ida shi ne ɗan magori, mai yawo da magunguna kasuwa-kasuwa, shi ya sa ma ake masa kirari da mai wasa kansa da kansa. Ana taruwa a saurare shi, a yi dariya, wani lokaci a saya, amma ba a ɗauke shi a bakin dattijo ba.

Zuwan kamfanoni da tambari

Kayan Turai sun riga Turawa zuwa. Heinrich Barth ya ga yadin Manchester da allurai da takubban Jamus a Kano tun 1851, amma ta hannun fatake suka zo, aka sayar da su bisa tsohuwar ƙa'ida. Abin ya sake ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni irin su John Holt da G. B. Ollivant da kamfanin Neja suka kafa kantuna. Da fari su ma ba su da wata dabara sai ta 'yan gida: attajirai irin su Alhassan Ɗantata ne suka tura yaransu ƙauyuka, suka yi magana da manoma da harshen da suke ji.

Sana'ar talla ta zamani ta fara ne a Ikko, da kamfanin West Africa Publicity da aka kafa a 1928 a ƙarƙashin inuwar 'yan kasuwar da suka haɗu suka zama UAC, wanda daga baya ya koma Lintas. Aikinsa na farko allunan gefen hanya ne da takardun mannawa. To, a Arewa masu karatun boko ƙalilan ne a lokacin, ilmin jama'a na Arabiyya ne da ajami. Don haka rubutun da ke jikin kaya bai yi wa mai saye amfanin komai ba, hoton ya kama. Sai ka ji an ce a ba ni taba mai zobe, ko batir mai damisa. Hoton nan na mutumin da ke tsere wa zaki a kan keken Raleigh bai bukaci tafinta ba.

Inda sunan ya shiga baki kuwa, sai Hausa ta tanƙwara shi ta mai da shi nata. Vaseline ya zama basilin, Mentholatum ya zama mantaleta, Peugeot ta zama fijo, Vespa ta zama basfa. Wasu sunayen ma sun ƙwace daga hannun masu su ɗungurungum. Duk garin sabulun wanki omo ne, har da mai tambarin giwa wanda wani kamfani dabam ke yi, duk ɗanɗanon miya na dunƙule kuwa magi ne. Kamfani ya kashe kuɗi ya kafa suna, harshe ya karɓe ya raba wa abokan hamayyarsa kyauta. (Masu harhaɗa ƙamus har yanzu ba su ba wannan rukunin kalmomi haƙƙinsa ba.)

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta buɗe wa talla ƙofar rubutacciyar Hausa. Amfaninta ya zarce yawan kofen da ake bugawa, domin mutum ɗaya ke karantawa a dandali, goma na saurare. Sa'an nan ga majigi, motar silima mai yawo gari-gari, wadda gwamnati ta yi amfani da ita wajen koyar da tsabta da noma, kamar a fim ɗin Baban Larai. A majigi akwai mai bayani da ke tsaye da lasifika yana fassara hoto, yana sa gishiri, yana ba da dariya. Ko an sani ko ba a sani ba, an dawo da mai shela ke nan.

Rediyo da mawaƙa

Babban juyi ya zo ne da rediyo. Akwatin nan mai waya ya iso Kano a 1944, amma gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, shi ne ya kai murya har rugar Fulani da bukkar gona, musamman da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha. A nan ne masu talla suka gane cewa Bahaushe da kunne yake saye. Suka ɗauko kalangu da kuntigi da gurmi, suka ɗauko karin magana, har "sayen nagari mai da kuɗi gida" ta zama kamar hatimin kowane talla. Suka ɗauko sigar kirari suka ɗora wa sabulu da maganin ciwon kai: a kira shi sarki, a kira shi gagara-gasa, a ce ya fi ƙarfin na baya. Gwamnati ma ta bi sahu. Lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da waƙa aka fahimtar da mutanen karkara, kuma abin ya yi aiki ƙwarai.

Dabarar ta dace da al'ada ta fuska ɗaya. Kamfani bai wasa kansa ba, ya ɗauki maroƙi ya wasa shi, kamar yadda basarake ko attajiri ke yi. Sai dai roƙon gargajiya ƙafa biyu gare shi, yabo da zambo. Makaɗin da ya yabi mai kyauta, shi ne zai yi wa marowaci zambo, kuma tsoron zambon nan ne ya sa yabon ke da daraja. Mutane sun yarda da bakin mawaƙi irin Alhaji Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos domin sun san bakin nan yana iya cizo. Talla ya ɗauki yabo ya yar da zambo. Ba a taɓa biyan mawaƙi ya fito a rediyo ya ce sabulun nan yana cin hannu ba. Mai saurare kuwa yana jin kiɗan da ya saba da shi, da muryar da ya saba gaskatawa, sai ya ba talla irin amanar da yake ba dillali, alhali babu sunan kowa a cikin ƙunshin.

Illar wannan ba ta tsaya ga asarar 'yan kuɗi ba. A shekarun 1960 da 1970 an tallata madarar jarirai ta gwangwani a ƙasashen Afirka da hoton jariri ɓul-ɓul da uwa 'yar birni, har wasu mata suka ɗauka nonon uwa abin ƙauyanci ne. Inda babu ruwa mai tsabta, babu halin dafa bulumboti, ga tsadar da ke sa a tsinka madarar da ruwa don ta yi auki, sakamakon shi ne gudawa da tamowa. Al'adarmu ta shayar da yaro wajen shekara biyu ta fi wannan hikima nesa ba kusa ba. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallan irin wannan madara, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. Taba ma, wadda aka daɗe ana sarrafawa a Zariya, an yi shekaru ana nuna ta a matsayin alamar wayewa kafin dokar 1990 ta tilasta sa gargaɗi, ta 2015 kuma ta hana tallanta.

Hausar Ikko

Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta keɓe sana'ar talla ga 'yan Nijeriya kaɗai, masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a 1973, aka kuma kafa hukumar kula da su, watau APCON, a 1988. Turawa sun tafi, amma manyan kamfanonin tallan suna nan a Ikko, kuma da Turanci ake tunanin tallan, a rubuta shi, a amince da shi, sa'an nan a nemi wanda zai juya shi zuwa manyan harsunan ƙasa a kurarren lokaci. Daga nan ne muka sami wata irin Hausa mai kalmomin gida da ƙashin bayan Turanci, wadda mai saurare ke gane kowace kalma a cikinta amma ya rasa abin da ake nufi. A kan alluna kuwa an yi watsi da haruffa masu lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Na taɓa tsayar da ɗalibaina a gaban wani allon banki, muka yi kusan rabin sa'a muna gardamar abin da jimlar ke nufi, sai da wani ya mayar da ita Turanci a zuciyarsa sa'an nan ma'anar ta fito.

Batun kunya ma ya sha jawo saɓani. Hoton da ba ya tayar da gira a Ikko yana iya sa magidanci ya kashe talabijin a Sakkwato in yana zaune da 'ya'yansa, kuma akwai kayan da Bahaushe ke saye amma ba ya son a ambace su a gaban surukinsa. Kamfanonin da suka yi nasara a Arewa su ne waɗanda suka koyi sakaya zance.

Bunƙasar finafinan Hausa daga 1990, da shigowar wayar salula a 2001, sun kawo sauyi na gaske. Kamfanonin waya na neman miliyoyin masu saye a Arewa, sai suka nemi fuskokin da jama'a suka sani, irin su Ali Nuhu da Sani Danja, waɗanda suka yi wa Glo jakadanci. Aka sami ɗakunan ɗaukar murya da masu tsara hoto a Kano da Kaduna da Jos, aka fara ƙirƙirar talla da Hausa tun daga tushe. A 2022 aka sauya wa hukumar suna zuwa ARCON, ta kuma hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya. Dokar ta yi magana a kan fuska da murya, ba ta ce komai a kan wanda ke rubuta Hausar ba.

Ɗan magori kuwa bai mutu ba. Ya sayi mota, ya ɗaura mata lasifika, ya naɗi muryarsa yana saki daga safe har magariba a bakin tasha, yana lissafa cututtukan da ƙullin garinsa ke warkarwa, daga basir har ciwon suga, da kalmomin da kakansa ba zai iya furtawa a gaban mata da yara ba. Hukumomi a Kano sun sha tsawatawa a kan batsar, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ta sha gargaɗi a kan maganin da ba shi da rajista. Kakan nasa dai da ƙafa yake yawo, kasuwannin da yake ci sanannu ne, wanda ya sha maganinsa bai ji daɗi ba yana iya tsare shi ran kasuwa mai zuwa. Jikan kuwa yau yana Wudil, gobe yana Maraɗi, jibi kuma muryarsa ce kawai ke yawo a wayoyin mutane, da lambar da za a tura kuɗi.