Daga Albasa Zuwa Madubin Likita: Tarihin Awon Rashin Haihuwa

Ina da goggo, Allah Ya jiƙanta, wadda ta shekara goma sha ɗaya a gidan mijinta na fari ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta sha gori, dangin miji ba su da sunan da suke kiranta da shi sai juya. Aka yi mata kishiya, ita ma shiru. Da auren ya mutu ta auri wani, shekara ba ta zagayo ba sai ga ta da goyo. Mijin nan na fari kuwa har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa ce masa ya je a duba shi. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda aka faro awon rashin haihuwa, kuma abin da na tarar shi ne tun fil azal mace ake fara tuhuma.

A ƙasar Masar, a wani wuri da ake kira Kahun, an tono wata takardar likitanci a 1889, wadda aka rubuta kusan shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikinta an ce a sanya wa mace albasa a gabanta ta kwana da ita, in da safe an ji warin a bakinta to za ta haihu. Abin dariya ne a yau, amma ku lura da tunanin da ke ciki: so suke su gane ko hanya a buɗe take ko a toshe. Girkawa ma sun gaji wannan awo, suna yi da tafarnuwa.

A ƙarni na 12, a garin Salerno na Italiya, littafin nan na cututtukan mata da ake kira Trotula ya zo da wani abu daban. Ya ce a samo tukwane biyu a zuba dussa, miji ya yi fitsari a ɗaya, mata a ɗaya, a ajiye kwana tara ko goma. Wanda tukunyarsa ta yi tsutsa, matsalar daga gare shi take. Awon dai ba shi da tushe, amma ko ba komai an kira miji ya kawo tasa tukunyar.

Ido bai ga ainihin abin ba sai a 1677, lokacin da wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holand, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba maniyyi da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙwayoyi masu jela suna iyo. Ƙwan mace kuwa sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano shi, a jikin karya. Duk da haka aka daɗe ana ɗauka cewa muddin namiji yana iya kusantar iyalinsa, to lafiyarsa ƙalau.

A 1920 wani likita a birnin New York, Isidor Rubin, ya fito da dabarar hura iska ta bakin mahaifa. In bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke, iskar za ta wuce cikin ciki, mace ta ji ciwo a kafaɗa idan ta tashi zaune. Tambayar mutanen Masar ce dai aka amsa bayan kusan shekara 3,700. Daga baya hoton mahaifa ya maye gurbinsa, inda ake tura wani ruwa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce.

Shi kuwa namiji, sai a 1929 likitoci biyu a Amurka, Macomber da Sanders, suka nuna cewa yawan ƙwayoyin maniyyi yana da alaƙa da samun ciki. A 1951 John MacLeod ya kwatanta maza 1,000 masu haihuwa da wasu 1,000 da ba a samu haihuwa a gidajensu ba, ya sa iyaka a miliyan 20 cikin kowace mililita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin ƙa'idar wannan awo a 1980, a bugun 2021 kuma adadin ya tsaya a miliyan 16.

Yau likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da suka shekara ba rabo, akwai hannun namiji a matsalar. Kuma awonsa ya fi na kowa sauƙi. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a 'yar kwalba, shi ke nan. Ita kuwa sai an ɗebi jini, an yi hoto, wani lokaci har da ƙaramar tiyata. Amma ku leƙa asibitocinmu ku ga su wa ke kan layi.

Haihuwa ta Allah ce, wannan ba musu, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Sai dai in za a nema, a tafi tare. Da an yi wa goggona haka, da ba ta shekara goma sha ɗaya tana amsa sunan da ba nata ba. Allah Ya ba masu nema, Ya raya wa waɗanda suka samu, amin.