Tarihin Wasannin Kwaikwayon Talabijin na Koriya ta Kudu: Soyayya, Almara da Ban Tsoro

Wasannin kwaikwayon talabijin na Koriya ta Kudu finafinai ne masu dogon zango da ake nunawa kashi-kashi, galibi kashi 16 zuwa 20, kowanne na kimanin awa ɗaya. Na tarihin sarakuna da na iyali kan kai kashi 50 ko fiye. Sun soma ne a matsayin nishaɗin cikin gida a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, amma cikin shekaru sittin da 'yan kai sun zama ɗaya daga cikin manyan hajojin da Koriya ke fitarwa. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke ɗaure soyayya da almara da ban tsoro a labari guda, duk a kan jigo ɗaya: haƙƙin da aka tauye, da alƙawarin da ba a cika ba.

Mafari

An buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar, HLKZ, a Seoul a 1956, shekara uku da tsagaita wutar yaƙin Koriya, kuma a shekarar ta nuna wasan kwaikwayonta na farko kai-tsaye. Gobara ta cinye tashar a 1959. Gwamnati ta buɗe talabijin ta KBS a ƙarshen 1961, TBC ta biyo baya a 1964, sai MBC a 1969. Gasar da ta ɓarke tsakanin ukun nan ce ta haifar da wasannin kullum-kullum, irin su Assi na TBC a 1970 da Yeoro na KBS a 1972. Dukansu labaran mata ne masu haƙuri da zaman gidan miji cikin talauci da tsangwamar dangi, kuma jama'ar da ba su daɗe da fita daga mulkin mallakar Japan da yaƙin basasa ba sun ga rayuwarsu a ciki.

Zamanin na mulkin soja ne, tace labarai kuma ya yi tsanani. A 1980 gwamnatin Chun Doo-hwan ta haɗe kafofin watsa labarai da ƙarfin tsiya, aka narkar da TBC cikin KBS. A ƙarshen shekarar aka soma watsa shiri mai launi. Da yake siyasa ta zama wurin da ba a taɓawa, marubuta suka duƙufa kan gida da ƙauye da tarihin da ya shuɗe. Country Diaries na MBC, labarin wani ƙauyen manoma, ya ɗauki shekara 22 ana nunawa, daga 1980 zuwa 2002, kashi 1,088.

Tushen ban tsoro

A 1977 KBS ta fara Hometown of Legends, shirin da ke ɗauko tatsuniya daga wani yanki na ƙasar kowane mako ya mai da ita wasa. Ya ci gaba har 1989, aka farfaɗo da shi a 1996, sannan a 2008 da 2009. Daga nan ne siffofin da ake gani har yau suka zauna a idon masu kallo: fatalwar budurwa da fararen kaya da gashi a baje, manzon mutuwa da baƙar riga da baƙar malafa, da gumiho, yanyawa mai jela tara da ke rikiɗa ta zama kyakkyawar mace tana neman zama ɗan'adam. Al'adar tashoshin ƙasar ita ce su ware irin waɗannan labarai ga lokacin zafi, bisa ra'ayin cewa tsoro na sanyaya jiki.

Fatalwar Koriya ba kasafai take mugunta don son mugunta ba. Yawanci wadda aka zalunta ce: amaryar da surukai suka kashe, baiwar da maigida ya ci zarafinta, marainiyar da aka cinye wa gado. Tana dawowa ne don a saurare ta, kuma da zarar an bayyana gaskiya an hukunta mai laifi, sai ta tafi. Wannan tunani ya samo asali ne daga tsohon addinin gargajiyar ƙasar, inda mata masu hawan iska, kwatankwacin 'yan bori, ke shiga tsakanin rayayyu da matattun da suka tafi da ƙulli a zuciya. Addinin Buddha ya ƙara masa aƙidar cewa rai na sake dawowa duniya a wani jiki, koyarwar Confucius kuma ta ƙara nauyin biyayya ga iyaye da kakanni. Shi ya sa mai kallo kan fara da firgita ya ƙare da tausayi. A 1994 MBC ta kawo salon cikin birni na zamani da wasan M, wanda Shim Eun-ha ta jagoranta, labarin ruhin ɗan tayin da aka zubar ya shiga jikin wata budurwa yana ɗaukar fansa.

Buɗewar fage da fita waje

Komawar ƙasar turbar dimokuraɗiyya daga 1987 da buɗe tashar SBS mai zaman kanta a 1991 sun sauya al'amura. Kuɗin shiri ya ƙaru, takunkumi ya sassauta. Jealousy na 1992 ya kawo soyayyar samari da 'yan matan birni da kiɗan zamani, salon da aka koya daga Japan. Sandglass na SBS a 1995 ya taɓo kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a Gwangju a 1980, abin da a da ba a iya furtawa a talabijin. Kashinsa na ƙarshe ya ja kashi 64.5 cikin ɗari na masu kallo, titunan Seoul kuma kan yi tsit a daren da ake nuna shi.

A 1997 tashar CCTV ta Sin ta nuna What Is Love, wasan barkwanci na marubuciya Kim Soo-hyun kan auren da ya haɗa gida mai ra'ayin riƙau da gida mai sassauci. Karɓuwar da ya samu na cikin abubuwan da suka haifar da yayin son shirye-shiryen Koriya da ake kira Hallyu. A shekarar ce kuma tattalin arzikin Asiya ya durƙushe. Wasannin Koriya sun fi na Japan araha, don haka tashoshin Taiwan da Vietnam da sauran maƙwabta suka koma sayen su. Gwamnatin Kim Dae-jung ta ɗauki al'adu a matsayin sana'ar samun kuɗin shiga, ta kafa dokar bunƙasa masana'antar a 1999.

Zamanin soyayya da sarauta

Winter Sonata na darakta Yoon Seok-ho, wanda KBS ta nuna a 2002, shi ne ya buɗe ƙofar Japan. Labarin soyayyar fari ce da haɗarin mota da gushewar tunani suka raba, shekaru goma kafin ƙaddara ta sake haɗa masoyan. Tashar NHK ta Japan ta nuna shi a 2003 ta maimaita a 2004, matan Japan masu matsakaicin shekaru suka ɗauki jarumin, Bae Yong-joon, tamkar ɗan sarki, tsibirin Nami inda aka ɗauki wasu sassan ya cika da baƙi. Wannan ya faru ne tsakanin ƙasashe biyu da ke da tsohon miki na mulkin mallakar 1910 zuwa 1945.

Jewel in the Palace na MBC, 2003 zuwa 2004, ya fi shi nisan zango. Cikin kashi 54 Lee Young-ae ta fito a matsayin Jang-geum, marainiyar da ta tashi a madafar fada har ta zama likitar Sarki Jungjong. Ya samu gagarumar karɓuwa a Hong Kong da Iran da ƙasashe da dama na Afirka. Jumong, mai kashi 81, ya biyo baya a 2006 da labarin wanda ya kafa daular Goguryeo. Faya-fayansa sun zagaya kasuwannin Najeriya, kuma ta hanyarsa ne mutane da yawa a nan suka fara sanin wasannin Koriya, tun kafin a buɗe cibiyar al'adun Koriya a Abuja a 2010.

Dalilan wannan farin jini a bayyane suke. Soyayyar tana tafiya a hankali, da kunya da kawaici, har riƙe hannu kan zama babban al'amari bayan kashi da yawa, don haka iyali kan iya zama su kalla tare. Matsalolin kuma sanannu ne ga duk al'ummar da aure ya shafi dangi gaba ɗaya: uwar miji da ta ƙi amarya, ɗan attajiri da 'yar talaka, ɗan fari da nauyin gida ya hau kansa. Labarin yana da farko da ƙarshe, ba a jan sa shekara da shekaru. Maƙwabta ma sun yi musayar labarai. Littafin zane na Japan, Hana Yori Dango, ya zama Meteor Garden a Taiwan a 2001, ya zama Boys Over Flowers a Koriya a 2009, daga baya Sin da Thailand suka yi nasu.

Haɗuwar rassa uku

Daga 2010 marubuta suka ɗauko dodannin Hometown of Legends suka mai da su masoya. 'Yan'uwa mata biyu, Hong Jung-eun da Hong Mi-ran, su ne kan gaba: My Girlfriend Is a Gumiho a 2010, Master's Sun a 2013 kan budurwa mai ganin fatalwa, da Hotel del Luna a 2019, masaukin da matattu ke sauka su warware damuwarsu kafin su wuce. My Love from the Star na Park Ji-eun, 2013 zuwa 2014, ya haɗa 'yar fim da wani baƙo daga wata duniya da ya sauka a Koriya tun 1609, ya kuma jawo yayin cin soyayyar kaza a biranen Sin saboda abincin da jarumar ke so ke nan.

Ƙololuwar salon ita ce Goblin na Kim Eun-sook, wanda tashar tvN ta nuna daga Disamba 2016 zuwa Janairu 2017. Gong Yoo ya fito a matsayin sarkin yaƙin daular Goryeo da sarkinsa ya ci amanarsa, aka hukunta shi da rai marar ƙarewa, takobi soke a ƙirjinsa fiye da shekara 900. Amaryar da aka ƙaddara masa ce kaɗai za ta iya zare takobin, zarewar kuma ita ce ajalinsa. Abokin zamansa manzon mutuwa ne da ya manta laifin da ya aikata a rayuwarsa ta baya. Shi ne wasan tashar kebul na farko da ya haura kashi 20 cikin ɗari na masu kallo. Almara ta ba marubutan abin da talauci da cutar ajali suka ba magabatansu, wato katangar da za ta raba masoya, amma wadda ta fi tsawo kuma ta fi wuyar tsallakewa.

Zamanin intanet

Netflix ta shiga Koriya a 2016. A daidai lokacin ne kasuwar Sin ta rufe wa Koriya ƙofa saboda rikicin girke makaman kariya na Amurka, masu shiri suka shiga neman wani mai saye. Kuɗin Netflix da rashin takunkumin tashoshin gida sun ba da damar nuna abin da a da ba ya nunuwa. Kingdom na Kim Eun-hee, a Janairun 2019, ya kai annobar gawawwaki masu tashi zamanin daular Joseon. Dangin sarauniya sun ɓoye mutuwar sarki don riƙe mulki, cutar kuma ta yaɗu ne lokacin da talakawa masu fama da yunwa suka ci naman gawa ba da saninsu ba. Sweet Home a 2020, Hellbound a 2021 da All of Us Are Dead a 2022 duk an ɗauko su ne daga labaran zane na intanet, waɗanda suka zama rumbun da masana'antar ke ɗiba.

Squid Game na Hwang Dong-hyuk ya fito ran 17 ga Satumba 2021. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suna wasannin yara, wanda ya faɗi a kashe shi, wanda ya rage ya kwashe kuɗin Koriya won biliyan 45.6. An kalle shi na awa biliyan 1.65 cikin kwana 28 na farko, abin da babu shirin Netflix da ya taɓa yi kafinsa. A 2022 daraktan da jarumin, Lee Jung-jae, suka lashe kyautar Emmy. Babu fatalwa a cikinsa, amma jigon na da ne: mutanen da aka tattake, da tambayar wanda zai biya haƙƙinsu. Soyayya ma ba ta ja da baya ba. Crash Landing on You, labarin attajirar Kudu da iska ta jefa Koriya ta Arewa ta faɗa hannun wani hafsan soja, ya mamaye Japan da wasu ƙasashe a lokacin kullen korona na 2020.

Yadda ake aikin da ƙalubalensa

A Koriya marubuci ne uban tafiya, kuma mafi yawan marubutan mata ne. Sunan Kim Eun-sook ko Kim Eun-hee kan sayar da wasa kafin a san jaruman. Shekaru da dama ana ɗaukar wasa ne yana kan nunawa, kashi biyu a mako, ana sauya labari bisa martanin masu kallo. Tsarin ya sa wasannin kusa da zuciyar jama'a, amma ya jawo kwana ba barci, haɗurra da ƙorafin ma'aikata kan tsawon lokacin aiki. Descendants of the Sun na 2016 ya nuna cewa kammala ɗauka kafin nunawa na iya cin riba, kuma yanzu hakan ya yawaita. Masu suka na kuma nuni da cusa tallar kaya cikin labari, fifita farar fata da kyan da tiyata ta gyara, da nuna bi-ta-da-ƙulli a matsayin so.

Babban ƙalubalen yau shi ne kuɗi. Tsadar shiri da ladan manyan jarumai sun yi tashin gwauron zabi, tashoshin gida sun rage yawan wasanninsu, haƙƙin mallakar shahararrun ayyuka kuma kan tafi hannun kamfanonin waje da suka zuba jari. A Afrilun 2023 Netflix ta sanar da zuba dala biliyan 2.5 a shirye-shiryen Koriya cikin shekara huɗu. Duk da haka ƙarfin masana'antar bai taɓa rataya ga kuɗi kaɗai ba. Tarihinta ya nuna cewa ta kai ga duniya ne saboda ta riƙe tatsuniyoyinta, harshenta da damuwar mutanenta, ta kuma ƙware wajen ba da labarinsu.