Wace Hanya Ta Dace da Wa? Tarihin Wata Tambaya a Ɗakin Shawara

A shekarar 1952, Hans Eysenck, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a Landan, ya wallafa wata gajeriyar maƙala da ta tayar da ƙura a tsakanin masu warkar da damuwar zuciya ta hanyar tattaunawa. Ya yi iƙirarin cewa kusan kashi biyu bisa uku na masu wannan larura sukan samu sauƙi cikin shekara biyu, ko sun zauna da mai ba da shawara ko ba su zauna ba. In haka ne, sana'ar gaba ɗaya ba ta da abin nunawa.

Martanin da ya fi tasiri ya fito daga Amurka. A 1966, Donald Kiesler ya nuna cewa kuskuren masu bincike shi ne ɗaukar masu neman shawara tamkar tsabar gero a mudu, kowa kamar kowa. Idan wata hanya ta amfani mutum ɗaya ta cutar da wani, lissafin da ya haɗa su zai nuna kamar ba a yi komai ba. Shekara guda bayan haka, Gordon Paul ya sake fasalin tambayar: wace hanya, a hannun wa, za ta fi dacewa da wane mutum mai wace matsala?

Gwaji mafi girma da aka yi wa wannan tunani shi ne Project MATCH, wanda cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken shan barasa ta fara a 1989. An raba mutum 1,726 da barasa ta kama zuwa hanyoyi uku na tsawon mako 12. Ta farko tana koya wa mutum gane tunanin da ke kai shi ga kwalba da dabarun kauce masa. Ta biyu tana shigar da shi tsarin matakai 12 na ƙungiyar masu yaƙi da shan barasa a tsakaninsu. Ta uku kuwa zama huɗu ne kacal, inda mai ba da shawara ke sauraro har mutum ya furta dalilan canzawa da bakinsa. Masu binciken sun rubuta hasashensu tun kafin a fara, cewa mai hali kaza zai fi amfana da hanya kaza.

Sakamakon da aka fitar a 1997 ya sanyaya gwiwar mutane da dama. Dukkan rukunonin uku sun rage sha ƙwarai, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, kuma mafi yawan hasashen bai tabbata ba. Sai dai wani abu ya tsaya da ƙafarsa. A cikin masu zuwa daga gida, masu saurin fushi sun fi samun nasara a hanyar sauraro, marasa fushi kuma sun fi amfana da sauran biyun.

Bayanin wannan yana cikin wani tsohon nazari. Tun 1966 Jack Brehm ya yi bayanin yadda mutum kan bijire idan ya ji ana tauye masa 'yancin zaɓi, ko da abin da ake tura shi gare shi alheri ne. Larry Beutler ya kawo wannan fahimta cikin ɗakin shawara, yana mai cewa mai irin wannan hali ba a jan sa da umarni. A 2005, Mitchell Karno da Richard Longabaugh suka koma kan faifan bidiyon wasu zaman Project MATCH, suka auna abin da masu ba da shawara suka yi a zahiri. Sun gano cewa masu ƙin a juya su sun fi komawa ga sha idan mai shawarar ya yawaita umarni da fuskantar su gaba da gaba.

Wannan ya sauya inda ake neman amsar tambayar Paul. Sunan hanyar da aka rubuta a littafin horo bai cika raba masu nasara da marasa ita ba. Halin mai neman shawara yana haɗuwa ne da salon wanda ke zaune a gabansa, wato yawan umarninsa, yadda yake karɓar musu, da lokacin da yake yin shiru. Kalmar da za ta tsayar da mai neman a nuna masa hanya ita ce za ta kori mai zafin zuciya, ya fita bai dawo zama na biyu ba, a rubuta a takardarsa cewa bai shirya canzawa ba.