Yakuwar Inna a Fasasshiyar Randa

Mai karatu, wani ɓangare na tarihin Garwa yana nan a tsakar gidajenmu, cikin tsofaffin tukwane.

Kakata takan ce a da, idan Binuwai ya yi ambaliya ya janye, sai a bi danshin fadama a dasa masakwa, a shuka kayan miya. A 1982 aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo. An samu lantarki, amma ruwan da ke jiƙa fadamun ya ragu, gari kuma ya yi ta cinye filaye.

A 1993 aka zabtare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Kuɗin cefane ya gagari Baba. A shekarar ce Inna ta cika fasasshiyar randa da ƙasa da takin awaki, ta shuka yakuwa. Daga nan sai lalo a tsohon kwano, tattasai a bokiti. Ruwan wankin shinkafa take zuba musu, har a zafin Afrilu.

Inna ta rasu, randar tana nan. In na taso daga gidan rediyo, ita nake fara ba ruwa kafin in zauna.