Siffar fure da barbarar tsirrai a ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, ɗorawa da kaɗanya da kuka na cikin itatuwan da manoma ke bari a tsakiyar gonakinsu, saboda daddawa da man kaɗanya da miyar da ake samu daga gare su.

Sai dai itace ba ya yin 'ya'ya sai an yi barbara, wato sai garin da ke ɓangaren namiji na fure ya isa ɓangaren mace. Masana tsirrai sun ce siffar fure da launinsa da ƙanshinsa, da kuma lokacin da yake buɗewa, su ne ke nuna abin da zai ɗauki wannan gari.

Furannin dare

Furen ɗorawa yana fitowa ne da rani, a dunƙule kamar jar ƙwallo mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni, yana reto a kan dogon tsinke nesa da ganye.

Wannan ne ke ba jemage damar sauka a kansa ba tare da fukafukansa sun sarƙe ba. Furen yana buɗewa da almuru, ya tara ruwa mai zaƙi, jemage ya lasa, garin ya manne masa a jiki, ya kai shi wata bishiyar.

A shekarar 1957 ne masanan nan Herbert Baker da B. J. Harris suka wallafa binciken da suka yi a Ghana a kan wannan alaƙa tsakanin jemagu da ɗorawa.

Haka ita ma kuka take: furenta fari ne, babba, yana fuskantar ƙasa, yana da wari mai ƙarfi, kuma ba ya wuce kwana ɗaya. Farin launi ya fi fitowa cikin duhu.

Ƙudan zuma da iska

Furannin kaɗanya kuwa ƙanana ne masu ƙanshi, suna cunkushe a ƙarshen reshe. Binciken da aka yi a Ghana da Burkina Faso ya nuna cewa bishiyar ta fi yin 'ya'ya idan ƙudan zuma sun ziyarce ta.

Gero ba ya bukatar launi ko ƙanshi, domin iska ce ke ɗaukar garinsa. Ɓangaren mace kan riga na namiji nuna a zangarniya ɗaya, don haka yawancin barbarar daga wani karan take zuwa.

Shi kuwa wake, furensa a rufe yake, kuma galibi yana barbarar kansa. Shi ya sa irin waken da manomi ya ajiye ba ya saurin rikiɗewa kamar na gero.

Abin da ke barazana

Wani rahoto da kwamitin masana na duniya, IPBES, ya fitar a 2016 ya ce fiye da kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna cin moriyar barbarar ƙwari da sauran dabbobi.

Sare itatuwa don gawayi, da farautar jemagu, da ɗiban zuma da wuta, da fesa maganin ƙwari a lokacin da tsirrai ke fure, duk suna rage masu yin wannan aiki.

Ɗorawa da kuka ba su cika yin 'ya'ya da garin kansu ba. Bishiyar da ta rage ita kaɗai a fili tana iya cika da fure, amma kalwar da mata za su tsinta a ƙarƙashinta ba za ta taka kara ta karya ba.